Zagayen Tudun Arasa da makarantun falsafa a Atina: abin da kuɗina ya saya, da abin da aka rage mini

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da tarihin ikilisiyar farko a wata makarantar horar da masu bishara, kuma babu zangon karatun da zai wuce ba tare da wani ɗalibi ya tsayar da ni a kan tambaya guda ba: koyarwar da aka tsara a manyan majalisun ikilisiya na ƙarni na 4 da na 5, daga Littafi Mai Tsarki ta fito, ko kuwa falsafar Girkawa ce aka yi wa baftisma aka shigo da ita ta ƙofar baya? Saboda wannan tambaya ce, da wata hidima ta kai ni birnin Atina a watan Oktoba, na ware yini guda na biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke tallar zagaye na musamman a kan Manzo Bulus da masana falsafa. Tallar tasu ta yi alkawarin wurare biyar cikin sa'a bakwai: Tudun Arasa, inda ake cewa Bulus ya yi wa mutanen Atina jawabi, da tsohuwar kasuwar birnin da ake kira Agora, da filin makarantar Aristotal, da gidan tarihin Bizantiya da Kiristanci, sannan filin makarantar Aflatun. Huɗu muka gani, kuma wanda aka bari shi ne wanda ya fi kowanne muhimmanci ga maganar da aka tara mu dominta.

Yin rajista bai ba ni wahala ba. Ta intanet na biya, kafin magariba kuma aka aiko mini da wurin haɗuwa da lokaci ta WhatsApp. Kuɗin ya yi kusa da abin da nake biya na kwana ɗaya a otal ɗin da na sauka, sai dai bai haɗa da tikitin shiga wuraren ba, kuma an rubuta hakan da ƙananan haruffa can ƙasan shafi, inda mai gaggawa ba zai lura ba. Mu tara ne, a cikinmu akwai wani dattijon fasto ɗan Ghana da matarsa, da wasu ɗalibai uku daga Koriya ta Kudu. Jagorarmu mace ce Bagirkiya mai matsakaicin shekaru, tana rataye da katin lasisin gwamnati a wuya, kamar yadda dokar ƙasar ta wajabta wa duk mai yi wa baƙi bayani a wuraren tarihi, kuma da Turanci ta yi mana magana.

Da ƙarfe takwas na safe muka tashi daga tashar jirgin ƙasa ta Akropoli, muka bi shimfiɗaɗɗen titin masu tafiya a ƙasa da ya zagaye tudun Akropolis ta kudu. Sunan titin na Diyonisiyas ne, ɗan majalisar Tudun Arasa, mutumin da sura ta 17 ta Ayyukan Manzanni ta ce ya ba da gaskiya bayan ya ji jawabin Bulus, wanda kuma mutanen Atina suke ɗauka a matsayin bishop ɗinsu na farko. Ba mu yi nisa ba jagorar ta tsayar da mu a tsakiyar titi, ta ce mu dubi ƙarƙashin ƙafafunmu. A cikin daɓen akwai layukan duwatsu masu wani launi dabam, sun zana siffar ɗakuna da wani zaure mai lanƙwasa a ƙarshensa, waɗanda dubban mutane ke takawa kullum ba tare da sun kula ba. Ta ce a ƙarƙashin nan ne aka tono wani babban gida a 1955, wanda masana da dama ke ganin shi ne gidan Furokulus, shugaban mabiya Aflatun a Atina, wanda ya rasu a shekara ta 485 Miladiyya yana kan addinin kakanninsa.

Daga nan ta warware mana abin da ya sa ta tsayar da mu, kuma minti goma ɗin da ta yi tana magana sun kusa biyan kuɗin yinin gaba ɗaya. Wajen shekara ta 500, wani marubuci Kirista, mai yiwuwa daga ƙasar Sham, ya rubuta littattafai a kan sunayen Allah da darajojin mala'iku da hanyar sanin Allah ta wajen kore masa duk wata siffa da hankalin mutum zai iya kamawa, ya kuma sa musu sunan Diyonisiyas almajirin Bulus. Ƙarnuka masu yawa ikilisiyar gabas da ta yamma suka karɓe su da girmamawa irin wadda ake yi wa rubutun zamanin manzanni, har manyan malamai irin su Toma Akwinas suka riƙa kafa hujja da su. Sai a 1895 wasu masana biyu, Hugo Koch da Josef Stiglmayr, kowannensu a nasa binciken, suka nuna cewa bayanin da marubucin ya yi a kan asalin mugunta daga littafin Furokulus ya ɗebo shi, wani wurin ma kusan kalma da kalma. Ke nan titin da ke ɗauke da sunan almajirin Bulus ya bi ta kan gidan malamin da aka ari tunaninsa aka lulluɓe da wannan suna. Na sha karantar da wannan labari a aji, amma ban taɓa sanin cewa duwatsun birnin sun haɗa shi wuri guda haka ba, kuma irin wannan ne abin da ake biyan jagora dominsa.

Tudun Arasa ba dutse ne mai tsawo ba, amma tafin ƙafar mutane na shekaru dubbai ya goge shi har ya yi santsi kamar an shafa masa mai. Akwai tsofaffin matakala da aka sassaƙa a jikinsa, akwai kuma na ƙarfe a gefe, kuma jagorar ta hana kowa bin na dutsen. Da kanta ta riƙe hannun dattijon faston har ya hau, ta nema masa wuri mai faɗi ya zauna. A gindin tudun akwai allon tagulla da aka rubuta jawabin Bulus a kai da harshen Girkanci, ta karanta mana shi da lafazin Girkawan yau kafin mu hau, sa'an nan a sama ta bi shi aya aya. Gaskiyar da ta nuna a nan ta burge ni. Ta faɗa mana ƙarara cewa masana ba su yi ittifaƙi a kan cewa a kan wannan dutse Bulus ya tsaya ba, domin sunan Tudun Arasa yana nufin dutsen, yana kuma nufin majalisar dattawan da ta samo suna daga gare shi, wadda a wasu lokutan can ƙasa cikin kasuwa take zama. Ta kuma ce har yau ba a tono bagaden nan na allahn da ba a sani ba, wanda Bulus ya ambata a jawabinsa, ko da yake matafiyin nan Fausaniyas na ƙarni na 2 ya ambaci bagadai irinsa a Faleron, bakin teku. Jagoran da yake neman faranta wa masu ziyarar ibada rai zai iya nuna kowane dutse ya ce ga wurin, amma ita ba ta yi haka ba.

Abin da ta fi tsayawa a kai shi ne yadda Bulus, wanda ya zo birnin wajen shekara ta 50 ko 51, ya yi wa Abikuriyawa da Sitokiyawa, ƙungiyoyi biyu na masana falsafar birnin, magana da kayan gidansu. Bai kawo musu Musa ko Ishaya da suna ba. Ya ce Allah ba ya zama a haikalin da hannu ya gina, ba ya kuma bukatar kome daga wurin mutum, maganar da Basitoke zai gyaɗa kai ya amince da ita, sa'an nan ya jawo baitin mawaƙinsu Aratus da ke cewa mu ma zuriyarsa ne, baitin da asalinsa a kan Zeyus aka yi shi. Har nan babu wanda ya tashi. Sai da ya ambaci tashin matattu taron ya watse, waɗansu suka yi ba'a, waɗansu suka ce sai wani jiƙon. A ganina duk tarihin shekara ɗari biyar da suka biyo baya yana cikin wannan tsari: doguwar tafiya tare a kan kaɗaitakar Allah da fifikonsa a kan halitta, sa'an nan rabuwar hanya a kan jiki. Mabiyin Aflatun yana sa ran rai ya kuɓuta daga jiki kamar fursunan da aka saka, Kirista kuwa yana cewa jikin nan da aka binne shi ne zai tashi. Jagorar ta kawo wannan bambanci da kyau, kuma a nan ne dattijon ya buɗe Littafinsa ya karanta ayoyin da ƙarfi, iskar safiya tana kaɗa masa shafi, matarsa tana danne gefen da yatsa.

Daga tudun muka gangara Agora, wadda masu binciken Amurka ke haƙa tun 1931. Layin dogo ya ratsa ta gefen arewa, har jirgi yakan katse wa jagora magana kowane 'yan mintoci. Ta nuna mana harsashin shirayin sarki, inda Sokratis ya je amsa ƙarar da ta kai ga kashe shi a shekara ta 399 kafin haihuwar Almasihu, bisa zargin da ya haɗa da shigo da sababbin alloli, ta kuma tuna mana cewa kusan wannan magana ce aka jefi Bulus da ita a kasuwar nan, cewa mai shelar baƙin alloli ne. Can ƙetaren layin dogon, a cikin wani rami tsakanin gidajen abinci, akwai kusurwar shirayi mai zane da aka gano a 1981, inda Zeno mutumin Kubrus ya fara koyarwa wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Almasihu. Daga sunan shirayin, wato stoa, Sitokiyawa suka sami sunansu. Ta bayan shinge kawai ake leƙa shi, kuma wanda bai san abin da yake kallo ba zai ɗauka ramin gini ne da aka yi watsi da shi.

A bakin wannan shinge ne muka sami saɓani da ita. Ta yi bayanin logos, kalmar Girkanci mai nufin magana ko hankali, yadda ya kamata, cewa Heraklitus ya yi amfani da kalmar don tsarin da ke tafiyar da kome, Sitokiyawa kuma suka mai da ita hankalin da ya ratsa dukan halitta, sa'an nan Filo, Bayahuden Iskandariya wanda ya yi zamani da Yesu, ya ɗauke ta ya bayyana yadda Allah maɗaukaki yake hulɗa da duniya. Sai ta rufe da cewa daga wannan shirayi Yahaya ya ɗauko Kalman nan da ya buɗe Bishararsa da shi. Na ce mata, Malama, wannan rabin magana ce. Kalmomi biyun farko na Bisharar Yahaya su ne daidai kalmomi biyun farko na Littafin Farawa a fassarar Girkanci da Yahudawan Iskandariya suka yi, inda Allah ya yi halitta ta wurin faɗa, kuma maganar Ubangiji da ke zuwa wa annabawa, da Hikimar da sura ta 8 ta Karin Magana ta ce tana nan tun kafin a kafa duniya, duk suna tsaye a bayan wannan kalma. Mai karatu Bagirke zai ji muryar malamansa a cikinta, Bayahude kuma zai ji ta annabawansa, amma babu Basitoken da zai yarda cewa logos ya zama nama ya zauna a cikinmu. Ta saurara da natsuwa, ta ce hakan ne, sai dai lokacin zagaye ba ya ba ta damar shiga ɓangaren Ibraniyawa. Na fahimci uzurinta, amma ban karɓe shi ba, domin jimla biyu sun isa, kuma ɗaliban nan uku sun riga sun rubuta maganarta ta farko a littattafansu.

Ta rama wannan da labarin Yustin Shahidi, wanda ta ba mu a inuwar shirayin Attalos da aka sake ginawa tsakanin 1953 da 1956. Yustin mutumin garin da ake kira Nablus a yau ne, kuma da bakinsa ya ba da labarin yadda ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya: Basitoken da ba shi da abin faɗa a kan Allah, da mabiyin Aristotal da ya fara maganar kuɗin makaranta bayan 'yan kwanaki, da mabiyin Fitagoras da ya ce sai ya fara ƙwarewa a kiɗa da ilimin taurari da lissafin siffofi, har ya sami natsuwa wurin mabiya Aflatun, kafin wani tsoho ya gamu da shi a bakin teku ya nuna masa annabawa. Bayan ya zama Kirista bai tuɓe mayafin masana falsafa ba, ya koyar a Roma har aka kashe shi wajen shekara ta 165. Shi ne ya ce iri na Kalman yana warwatse cikin dukan 'yan Adam, don haka waɗanda suka rayu bisa ga logos, irin su Sokratis da Heraklitus, Kiristoci ne ko da an ɗauke su marasa addini. Dattijon faston ya girgiza kai da ya ji wannan, ya ce maganar ta yi nauyi. Jagorar ta ce masa, Baba, ba kai ne na farko da ya ji nauyinta ba, ta kawo masa Tertuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda wajen shekara ta 200 ya tambaya ina ruwan Atina da Urushalima. Ta ƙara da abin da mutane kan manta, cewa shi Tertuliyan ɗin, da ya zo bayanin rai, ra'ayin Sitokiyawa ya bi har ya ce rai ma wani irin jiki ne.

Da ƙarfe goma sha biyu da rabi aka kai mu cin abinci, daga nan ne kuma yinin ya fara lalacewa. Jadawalin ya ce minti arba'in da biyar. Abincin bai zo ba sai da muka yi fiye da rabin sa'a a zaune, bayan mun gama kuma aka wuce da mu wani shagon sayar da hotunan tsarkaka da ke maƙwabtaka, wanda babu shi a cikin tallar, aka bar mu a hannun mai shagon yana bayanin farashi. A fuskar jagorar na ga cewa ba da son ranta ba ne, ta tsaya a bakin ƙofa tana duba agogo. Ba mu shiga mota ba sai ƙarfe biyu da kwata. Ba na ƙin a kai baƙo kasuwa, amma wanda ya biya kuɗi don tarihin tauhidi, a ce an cinye masa sa'a guda a wurin ciniki ba tare da an tambaye shi ba, wannan rashin adalci ne, kuma laifin na kamfanin ne.

Filin makarantar Aristotal, wanda aka gano a 1996 ana haƙar harsashin wani gini, yana jikin gidan tarihin Bizantiya, saboda haka tafiya ɗaya ta haɗa su. Babu abin kallo mai yawa, harsashin filin kokawa ne da wuraren wanka a tsakiyar furanni da dogayen gidaje. A nan ta yi maganar ousia, wadda za mu iya kira zati, kalmar da Aristotal ya yi dogon nazari a kanta, da yadda majalisar Nikiya a shekara ta 325 ta sa kalmar homoousios a cikin bayanin bangaskiya, wato Ɗan zatinsa ɗaya ne da Uba. Kalmar ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa bishop-bishop da yawa suka yi ta ja da ita fiye da shekara hamsin, har zuwa majalisar Kustantiniya a 381. Ta bayyana cewa a Nikiya an yi amfani da ousia da hypostasis kamar ma'anarsu ɗaya, sai Basil na Kaisariya da abokansa suka raba su, suka ce zati ɗaya ne, hypostasis uku, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Basil yana kwatanta bambancin da wanda ke tsakanin abin da aka yi tarayya a kansa da abin da ya keɓanta. Wannan ita ce amsar da nake ba ɗalibaina, kuma na ji daɗin jin ta daga bakin wadda harshen nata ne: an ari kalmomin, amma sai da aka lanƙwasa su suka ɗauki kayan da masu su na asali ba su taɓa ɗora musu ba. Allahntaka a wurin Fulotin, babban mabiyin Aflatun na ƙarni na 3, hawa-hawa ce, Ɗaya a sama, Hankali a ƙarƙashinsa, Rai a ƙasa, Nikiya kuwa hawa-hawan nan ta ƙi.

Basil da Girigori na Naziyanzus a Atina suka yi karatu a shekarun 350, a hannun malaman da ba dukansu Kiristoci ba ne, kuma a 355 Yuliyan, wanda daga baya ya zama sarki ya yi ƙoƙarin maido da bautar alloli, ya zo birnin karatu shi ma. A jawabin da Girigori ya yi na tunawa da Basil ya ce hanya biyu kaɗai suka sani a birnin, wadda ke zuwa majami'a da wadda ke zuwa wurin malamai. Jagorar ta faɗi wannan muna tsaye tsakanin filin Aristotal da ƙofar gidan tarihin Kiristanci, kuma ta san abin da take yi da ta zaɓi wurin.

Gidan tarihin, wanda aka kafa a 1914, minti arba'in kawai muka samu a cikinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sassaƙen farin dutse na ƙarni na 4 daga tsibirin Ejina, Orfiyus, mawaƙin tatsuniyar Girkawa, yana zaune da molonsa, namun daji sun kewaye shi sun yi lamo, kusa da shi kuma ga siffar Makiyayi Mai Kyau ɗauke da tunkiya a kafaɗa. Hannun masu sassaƙar iri ɗaya ne, salon ma ɗaya, sai labarin da ya sauya. Amma gidan tarihi hoto da dutse yake nunawa, ba ya nuna gardamar malamai, kuma a nan ne wani gurbi na zagayen ya fito fili, wanda ba laifin kowa ba ne sai na wurin da tarihin ya faru. Babban aikin haɗa falsafa da tauhidi ba a Atina aka yi shi ba, a Iskandariyar Masar aka yi. Can ne Kilemas ya ce falsafa ta yi wa Girkawa aikin da Shari'a ta yi wa Ibraniyawa, wato mai reno da ke kai yaro wurin Almasihu. Can ne Orijin ya tashi, wanda ya kwatanta ɗaukar ilimin Girkawa da zinariyar Masarawa da Isra'ilawa suka fita da ita suka yi kayan alfarwa, wanda kuma wajen shekara ta 248 ya mayar wa masanin falsafa Kelsus martani a kan sukar da ya yi wa Kiristanci. Shi ne kuma misalin inda aron ya wuce gona da iri a idon ikilisiya, domin ra'ayin da aka danganta masa na cewa rayuka sun wanzu kafin jiki an la'ance shi a ƙarni na 6. Duk wannan a cikin minti biyar jagorar ta taƙaita shi a bakin mota. Da kamfanin ya ba kowa taswirar gabashin Bahar Rum ko da ta takarda ɗaya ce, mai nuna Iskandariya da Antakiya da Kafadokiya, da baƙo bai tafi da zaton cewa a gindin Akropolis aka yi kome ba.

Ƙarfe huɗu saura aka sanar da mu cewa cunkoson motoci ba zai bari mu kai makarantar Aflatun ba. Washegari na ɗauki tasi na je ni kaɗai. Wurin yana arewa maso yammacin tsakiyar birnin, a wata unguwa ta talakawa, lambu ne na jama'a da ba a biyan kuɗin shiga, da itatuwa da 'yan duwatsun harsashi a cikin kwari, tsofaffi na zaune a kan benci, yara na buga ƙwallo. A nan Aflatun ya kafa makarantarsa wajen shekara ta 387 kafin haihuwar Almasihu. Na zauna ina tunanin abin da abokan tafiyata suka rasa, domin a nan ne ya kamata a yi maganar littafin Aflatun mai suna Timayus, inda wani gwanin maƙeri ya tsara duniya daga abin da ya tarar a hargitse, labarin da Kiristocin farko suka ga ya yi kama da Farawa har waɗansunsu suka ce daga Musa Aflatun ya koya, amma kafin ƙarshen ƙarni na 2 Tiyofilus na Antakiya da Ireniyus suka tsaya a kan cewa Allah bai tarar da kome ba, daga babu ya yi halitta. A nan ne kuma ya kamata a ji shaidar Agustin, ɗan ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya ce a littattafan mabiya Aflatun ya karanta cewa tun fil azal akwai Kalma, amma bai karanta a cikinsu cewa Kalman ya zama mutum ba. Zagayen da ya tsallake Aflatun a wannan batu ya bar ginshiƙin ɗakin a waje.

Akwai kuma kuskure a takardar da kamfanin ya raba mana, inda aka rubuta cewa Sarki Yustiniyan ya rufe makarantar Aflatun a shekara ta 529 bayan ta yi shekara ɗari tara tana aiki ba yankewa. Dokar 529 gaskiya ce, kuma gaskiya ne cewa Damaskiyus, shugaban makarantar na ƙarshe, da abokansa shida sun tafi fadar Kisra na Farisa bayanta. Amma tsohuwar makarantar ta riga ta watse tun zamanin da Sulla na Roma ya kewaye birnin ya sare itatuwan lambun a shekara ta 86 kafin haihuwar Almasihu, kuma wadda aka rufe sabuwa ce da aka farfaɗo da ita wajen shekara ta 400, a gidaje irin wanda muka taka da safe. Jagorar ta san haka, don ita ce ta nuna mana gidan, sai dai babu wanda ya ba ta takardar ta duba.

Mai karatu Musulmi kada ya ɗauka wannan zance na maƙwabta ne kawai. Forfiri, almajirin Fulotin, wanda ya rubuta littafi goma sha biyar yana sukar Kiristanci, shi ne ya rubuta 'yar gabatarwar mandiƙin Aristotal da Kiristocin Sham suka fassara zuwa Suryaniyanci, daga baya ta shiga Larabci, har sunanta, Isaguji, ya zama sunan littafin da ɗaliban mandiƙi ke fara karantawa. Gardamar ko ya halatta mai addini ya yi aiki da wannan ilimi ta faru tsakanin Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da Imamu Suyuɗi na Masar, Magili yana kare shi, Suyuɗi yana hanawa. Duk wanda ya san wannan saɓani zai gane muryar Kilemas da ta Tertuliyan tun kafin a gama gabatar masa da su.

Na rubuta wa kamfanin a kan shagon da makarantar da aka tsallake da kuma kuskuren takardar. Sun amsa cikin kwana biyu da ban haƙuri, suka yi mini tayin rangwame a wani zagayen nan gaba, abin da ba shi da amfani ga mutumin da jirginsa zai tashi jibi, ba su kuma ce kome a kan takardar ba. Duk da haka zan ba malamin makarantar tauhidi ko ɗalibin tarihi shawarar ya yi wannan zagaye, saboda jagorar da kuma sa'o'i huɗun safe, waɗanda ban ga yadda mutum zai same su shi kaɗai da littafin jagora a hannu ba. Wanda ziyarar ibada kawai ta kawo shi, yana so ya yi addu'a a inda Bulus ya tsaya, hawan Tudun Arasa kyauta ne, ba ya bukatar biyan kowa. Wanda zai biya kuwa, ya karanta sura ta 17 ta Ayyukan Manzanni da farkon Bisharar Yahaya a daren da zai tafi, ya sa takalmi mai kama ƙasa saboda santsin dutsen, ya tanadi kuɗin tikiti dabam, ya kuma nemi a rubuta masa tun kafin ya biya cewa za a kai shi makarantar Aflatun kafin abincin rana.